Ma'aunin Hali da Zaɓen Ma'aikata: Sharhi a kan Binciken Barrick da Mount da Abin da Ya Biyo Bayansa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1991 mujallar Personnel Psychology ta ƙasar Amurka ta buga wata maƙala ta masana biyu, Murray Barrick da Michael Mount, waɗanda a lokacin suke koyarwa a Jami'ar Ayowa. Maƙalar ta yi ƙoƙarin amsa tambaya guda: shin halin mutum, idan an auna shi da takardar tambayoyi, yana iya nuna yadda zai riƙe aiki in an ɗauke shi? Amsar da suka bayar ita ce i, musamman ta wajen hali ɗaya daga cikin manyan halaye biyar da masana suka ware. Wannan amsa ta yi tasiri ƙwarai, domin kuwa ita ce ta maido da martabar jarrabawar hali a wajen ɗaukar ma'aikata, bayan da aka yi shekaru wajen 25 ana ɗari-ɗari da ita.

Mai karatu yana iya tambayar dalilin da ya sa za a kawo irin wannan batu a gaban masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci. Dalilin shi ne, ma'aunin da ake magana a kansa daga ƙamus aka ƙera shi, watau daga kalmomin harshe guda, kuma da kalmomi ake gwada shi a kan mutane. Sa'an nan tun daga 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ana iya tsammanin yawaitar takardun tambayoyi da za a fassara zuwa Hausa, har da irin waɗanda ake yanke wa mai neman aiki hukunci da su. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne, gyaran da aka yi wa wannan fanni cikin shekarun baya, wanda ake kira buɗaɗɗen ilmi, ya tsabtace lissafi sosai, amma bai kai ga kalmomin da lissafin ya dogara a kansu ba.

2.0 Asalin halayen biyar

Tun a 1884 Francis Galton, Bature ɗan Ingila, ya duba wani littafin jerin kalmomi ya ƙiyasta cewa akwai kalmomi wajen 1,000 a Ingilishi masu bayyana halin mutum. Tunanin da ke bayan wannan aiki shi ne, duk bambancin hali da ya dami jama'a a zamansu na yau da kullum, to sai sun sa masa suna. A 1936 Gordon Allport na Jami'ar Harvard da Henry Odbert suka bi babban ƙamusun Webster shafi-shafi, suka fitar da kalmomi 17,953 da ake sifanta mutum da su, suka ware wajen 4,500 a matsayin masu nuna hali tabbatacce. Raymond Cattell ya taƙaita wannan jeri cikin shekarun 1940 har ya koma rukuni 35. A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu yi wa rundunar sojan sama ta Amurka bincike, suka sake lissafin suka ga cewa abubuwa biyar ne suke maimaituwa. Warren Norman ya tabbatar da haka a 1963, shi kuwa Lewis Goldberg ya sa musu laƙabin Manyan Biyar a 1981.

Idan za a ba su suna na wucin gadi da Hausa, ana iya cewa: sakin jiki da mutane, daɗin zama da jama'a, himma da tsari, natsuwar zuciya, da kuma son sabon abu. Hanyar da aka bi aka same su ita ce a ba mutane jerin kalmomi su sifanta kansu ko abokansu, sa'an nan a yi lissafi a ga kalmomin da suke tafiya tare. Alal misali, idan wanda aka ce da shi mai tsari ne yawanci shi ne kuma ake ce wa mai cika alkawari, sai a haɗa kalmomin biyu cikin rukuni ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, tun daga Galton har zuwa Goldberg, harshe ɗaya ne ya ba da kalmomin, kuma masu amsawar yawancinsu ɗaliban jami'a ne ko sojoji, mutane masu karatu waɗanda suka saba da cika takarda. Da aka maimaita aikin ƙamus a wasu harsuna, kamar Jamusanci da Italiyanci da Koriyanci da harshen Hangari, sai Michael Ashton da Kibeom Lee da abokan aikinsu suka nuna a 2004 cewa akwai rukuni na shida da ke fitowa, mai haɗa gaskiya da tawali'u. Ke nan ko a tsakanin harsunan da ke da daɗaɗɗen rubutu, adadin biyar bai zama abin da aka gama magana a kansa ba.

3.0 Abin da maƙalar 1991 ta gano

Kafin 1991 ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Robert Guion da Richard Gottier, waɗanda suka duba binciken da aka yi har zuwa 1965 suka ga ba su sami hujjar da za ta sa su ba da shawarar amfani da jarrabawar hali wajen ɗaukar ma'aikata ba. Barrick da Mount ba su gwada kowa da kansu ba. Sun tattara bincike 117 da wasu suka riga suka yi, wanda ya shafi mutane kusan 24,000, suka karkasa ma'aunan da aka yi amfani da su a ƙarƙashin halayen biyar, suka haɗa sakamakon. Sun duba rukunin ma'aikata biyar: ƙwararru kamar injiniyoyi da likitoci, ƴan sanda, manajoji, masu sayar da kaya, da masu aikin hannu.

Ana auna ƙarfin dangantaka tsakanin abu biyu da wata lamba da ke tashi daga 0, inda babu dangantaka ko kaɗan, zuwa 1, inda ɗaya yake bin ɗaya sau da ƙafa. Sun samu cewa himma da tsari na da dangantaka da kyawun aiki a dukan rukunan biyar, lambarta kuwa wajen 0.22. Sakin jiki da mutane ya yi amfani ga manajoji da masu sayar da kaya, son sabon abu kuma ya nuna wanda zai fi amfana da horo.

Wajibi ne a yaba wa maƙalar ta fuska biyu. Na farko, ta kawo tsari a inda da ake da ɗaruruwan ma'aunai masu sunaye barkatai, kowane da abin da yake da'awar aunawa. Na biyu, marubutan ba su ɓoye ƙanƙantar lambobinsu ba. Suna nan a cikin jadawalinsu ga duk mai son dubawa. Kuskuren da ya biyo baya yawancinsa na masu ɗaukar sakamakon ne, waɗanda suka riƙe cewa hali yana nuna aiki, suka manta da tambayar gwargwadon yadda yake nunawa.

4.0 Raunin hanyar binciken

Rauni na farko yana ga ita lambar kanta. Abin da aka gani da ido a cikin binciken da aka tattara shi ne wajen 0.13, bayan gyare-gyaren lissafi ne ya hau zuwa 0.22. Don a gane ma'anar wannan, a ɗauka an raba masu neman aiki gida biyu bisa makin da suka samu, an ɗauki rabin da ke sama. Idan lambar 0.22 ce, to cikin kowane 100 da aka ɗauka wajen 57 za su fi matsakaicin ma'aikaci aiki, alhali zaɓen ido rufe zai ba da 50. Idan kuwa 0.13 ce, sai adadin ya sauko wajen 54. Ga kamfanin da ke ɗaukar dubban mutane wannan riba ce, amma ga mutum ɗaya da aka hana aiki saboda makinsa, hujjar ba ta taka kara ta karya ba.

Rauni na biyu shi ne, ma'aunan da aka tattara yawancinsu ba don Manyan Biyar aka ƙera su ba. Wasu masana ne aka sa suka karanta bayanin kowane ma'auni suka yanke shawarar rukunin da ya dace da shi. Wannan aiki ne na fassara ma'ana, kuma kowane mai aikin ƙamus ya san yadda masana biyu kan saɓa a kan inda kalma ɗaya ta dosa. Gregory Hurtz da John Donovan sun sake lissafin a 2000 da ma'aunan da aka ƙera musamman don halayen biyar, suka sami wajen 0.20, abin da ya nuna cewa sakamakon bai rushe ba, amma kuma bai ƙaru ba.

Rauni na uku yana ga abin da ake kira kyawun aiki. A yawancin binciken, makin da shugaba ya ba na ƙasa da shi ne ake ɗauka a matsayin ma'aunin aiki. To amma shugaba ɗan Adam ne, yana iya fifita mai ladabi da biyayya a kan wanda ya fi shi ƙwarewa. Ta haka wani ɓangare na dangantakar da aka gani yana iya zama shaida ce ta abin da shugabanni suke so, ba lalle ta abin da ma'aikaci ya samar ba.

Rauni na huɗu shi ne, mai neman aiki ya san amsar da ake so. Wanda aka tambaya ko yana gama aikinsa a kan lokaci, alhali abincin iyalinsa ya rataya ga amsar, da wuya ya ce a'a. A 2007 masana shida, Frederick Morgeson da abokansa, waɗanda yawancinsu tsofaffin editocin manyan mujallun fannin ne, suka buga maƙalar da ta nemi a sake tunani a kan jarrabawar hali, saboda ƙanƙantar lambobin da kuma sauƙin yin ƙarya. Deniz Ones da wasu suka mayar musu da martani a wannan shekara, suna kare ma'aunan. Gardamar ta yi zafi, sai dai ba a iya warware ta a lokacin ba, domin kuwa babu wanda yake da cikakken sanin binciken da aka yi aka bar shi cikin akwati.

5.0 Abin da buɗaɗɗen ilmi ya gyara

Tun a 1979 Robert Rosenthal ya yi gargaɗi cewa mujallu sun fi son buga binciken da ya gano wani abu, wanda bai gano kome ba kuwa sai ya ƙare a aljihun tebur. A 1998 Norbert Kerr ya bayyana wata ɗabi'a ta masu bincike, watau su ga sakamako tukuna sa'an nan su rubuta hasashe kamar tun farko shi suka yi tsammani. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna cewa ƴan ƙananan zaɓe-zaɓen da mai bincike kan yi, kamar lokacin da zai daina tattara bayanai ko wanda zai cire daga lissafi, suna iya fito da sakamako daga inda babu shi. A 2015 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 na ilmin halayyar ɗan Adam. 97 daga cikinsu sun ba da sakamako mai ƙarfi a karon farko, amma kashi 36 cikin 100 kaɗai suka sake ba da shi.

Fannin nazarin ma'aikata bai tsira daga wannan ba. Ernest O'Boyle da George Banks da Erik Gonzalez-Mulé sun bi sawun kundayen digirin dakta 142 har zuwa lokacin da aka buga su a mujallu, suka fitar da sakamakonsu a 2017. A cikin kundayen, hasashen da ya tabbata bai kai wanda bai tabbata ba yawa, 0.82 ga kowane 1. A cikin mujallu kuwa ya koma 1.94 ga kowane 1. Sun kamanta abin da yadda tsutsa kan rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Haka kuma a 2015 Sven Kepes da Michael McDaniel suka ƙiyasta cewa an kambama ƙarfin himma da tsari da wajen kashi 30 cikin 100, saboda ƙananan sakamako ba sa samun shiga mujallu.

Maganin da aka kawo iri uku ne. Akwai ajiye tsarin bincike a bainar jama'a kafin a fara tattara bayanai, don kada a sauya hasashe daga baya. Akwai tsarin da mujallar Cortex ta soma a 2013, inda ake karɓar maƙala bisa kyawun tsarinta tun kafin a san sakamakonta. Akwai kuma fitar da ɗanyen bayanai da hanyar lissafi don kowa ya sake gwadawa, aikin da cibiyar buɗaɗɗen ilmi da aka kafa a Bajiniya a 2013 ta sauƙaƙa. A 2021 ƙasashen da ke cikin hukumar UNESCO suka amince da wata shawara ta bai ɗaya a kan wannan tafarki.

Amfanin sake dubawa ya fito fili a 2022, lokacin da Paul Sackett da abokansa suka binciki gyaran lissafin da aka daɗe ana yi. Dalilin gyaran shi ne, waɗanda aka riga aka ɗauka aiki sun fi kama da juna a kan masu nema, don haka sai a ɗaga lambar. Sackett ya nuna cewa sau da yawa an yi wannan ɗagawa a inda ba ta dace ba. Jarrabawar kaifin basira, wadda Frank Schmidt da John Hunter suka ba 0.51 a 1998, ta sauko 0.31; himma da tsari ta sauko daga 0.31 zuwa wajen 0.20, ganawa mai tsararrun tambayoyi kuwa ta zo kan gaba da 0.42. Akwai wani abu guda a cikin wannan bincike da ya kamata masu nazarin harshe su riƙe: idan aka tsara tambayar hali ta ambaci wurin aiki, lambar himma da tsari takan kai 0.25. Ƙarin kalma biyu ko uku a cikin jumla ya sauya ƙarfin ma'aunin.

Ta wani gefen kuma, binciken hali ya jure gwajin fiye da wasu fannoni. A 2019 Christopher Soto ya maimaita dangantaka 78 tsakanin halayen biyar da al'amuran rayuwa, kashi 87 cikin 100 suka sake fitowa, ko da yake da ƙarfin da bai kai na farko ba. Sai dai waɗanda suka amsa masa tambayoyin Amurkawa ne, da Ingilishi, ta intanet.

6.0 Inda buɗewar ba ta kai ba

A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙirga cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai. Da aka kai ma'aunin wajen wannan da'ira, sai labari ya sha bamban. A 2013 Michael Gurven da abokansa suka fassara tambayoyi 44 zuwa harshen Tsimane na ƙasar Bolibiya, suka karanta wa mutum 632 da baki. Halayen biyar ba su fito ba. Abin da ya fito rukuni biyu ne, ɗaya na kyautata wa jama'a, ɗaya na ƙwazon aiki.

Binciken da ya fi shafar masu tsara yaƙi da jahilci shi ne na Rachid Laajaj da abokansa, wanda aka buga a 2019. Sun duba amsoshin mutane 94,751 daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin arziki, har da Gana da Kenya, waɗanda aka yi wa tambayoyin ido da ido. Sun ga cewa tambayoyin sau da yawa ba sa auna halin da aka nufa da su. Da suka duba amsoshin da mutanen waɗannan ƙasashe suka cika da kansu ta intanet kuwa, sai halayen biyar suka bayyana. Wannan ya nuna cewa ba al'ada kaɗai ce ke kawo bambancin ba. Akwai zurfin karatun mai amsawa, akwai kasancewar mai tambaya a gabansa, akwai kuma ɗabi'ar amsa i ga duk abin da baƙo ya faɗa.

Wasu masana sun koma ga hanyar asali, watau farawa daga kalmomin harshen kansa. A 2020 Amber Gayle Thalmayer da Gerard Saucier da abokansu suka buga irin wannan aiki a kan harshen Maa na Kenya da harshen Supyire na kudancin Mali, kuma tsarin biyar bai fito yadda yake a Ingilishi ba. A Afirka ta Kudu, inda dokar daidaita ɗaukar ma'aikata ta 1998 ta hana amfani da jarrabawar hali sai an tabbatar da ingancinta da rashin son zuciyarta ga kowane rukuni, an yi hira da mutane fiye da 1,200 cikin harsuna 11, aka fitar da rukuni tara a 2012, waɗanda suka shafi zama da jama'a suka fi yawa.

A nan ne gurbin yake. Mai bincike yana iya ajiye tsarinsa tun farko, ya fitar da dukan lambobinsa, amma idan bai fitar da fassarar tambayoyin ba, da sunan karin harshen da aka yi amfani da shi, da yadda mai tambaya ya sake faɗin jumlar da ba a gane ba, to abin da ya buɗe rabi ne. Bugu da ƙari wasu ma'aunan hajar sayarwa ce. Alal misali tambayoyi 240 da Paul Costa da Robert McCrae suka fitar a 1992 suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Rumbun tambayoyi fiye da 3,000 da Goldberg ya buɗe kyauta ya rage wannan matsala, amma shi ma da Ingilishi aka ƙaga shi.

7.0 Matsayin Hausa

Hausa tana da nata tarihin a wannan fage. A 1966 Robert LeVine ya auna burin ci gaba a tsakanin ɗaliban sakandare maza a Nijeriya ta hanyar nazarin mafarkansu, ya sa Hausawa a ƙasan Ibo da Yarbawa. Ko me za a ce game da aikin, ya isa ya nuna cewa ma'aunin da aka ƙera a wani wuri yana iya zama hukunci a kan al'umma guda. A 1974 kuwa Anthony Kirk-Greene ya bi ta kan kalmomin Hausa da kansu, ya jera sifofi goma na mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukansu sun shafi yadda mutum yake da jama'a, kuma babu ɗaya da za a sa kai tsaye a ƙarƙashin son sabon abu.

Akwai matsaloli huɗu da mai fassara ma'aunin zai ci karo da su. Ta farko ta nahawu ce. Aikin ƙamus na Ingilishi ya dogara ga sifofi, Hausa kuwa sifofinta na asali kaɗan ne. Tana bayyana hali da mai ko maras tare da suna, kamar mai haƙuri da maras kunya. Da sunan mai aikatawa, kamar marowaci da malalaci. Da kuma harɗaɗɗun kalmomi, kamar taurin kai, girman kai, sanyin hali, zafin zuciya, mutuwar zuciya. Wanda ya bi ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 yana tsintar sifofi kaɗai, zai bar mafi yawan abin da ake nema a baya.

Ta biyu ta ma'ana ce. Kunya a Hausa ado ce, ana kuma zagin wanda ba shi da ita. Idan aka yi amfani da ita wajen fassara kalmar Faransanci ko ta Ingilishi mai nuna noƙewa cikin jama'a, to wanda ya amsa cewa yana da kunya yana nufin tarbiyya, ma'aunin kuwa zai rubuta masa rashin sakin jiki. Haka haƙuri yana iya faɗawa ƙarƙashin natsuwa, ko daɗin zama, ko himma, gwargwadon jumlar da ya zo a ciki.

Ta uku ta ladabin magana ce. Bahaushe na cewa yabon kai jahilci. Tambayar da ke neman mutum ya shaida da bakinsa, a gaban baƙo, cewa shi mai ƙwazo ne, tana iya ba mai cika baki maki fiye da mai kawaici, alhali na biyun shi ne ma'aikacin da ake nema.

Ta huɗu ta shafi tambaya korarriya. Masu ƙera ma'auni sukan juya wasu tambayoyi don su kama mai amsa i ga kome. Amma idan aka ce da mutum, ba ka barin aiki rabi, ya ce i, yana iya nufin i, ba na bari. Wani kuma zai ce a'a yana nufin abu ɗaya da shi. Mai tambaya ne zai yanke abin da zai rubuta, kuma wannan hukunci nasa ba ya fitowa a cikin jadawali.

8.0 Kammalawa

Maƙalar Barrick da Mount aiki ne na gaskiya wanda aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da ta gano ya tsaya bayan shekaru fiye da 30 na sake dubawa, amma a matsayin dangantaka ƙarama, wadda aka fi tabbatarwa a tsakanin masu karatu da ke amsawa cikin harshen da aka ƙaga tambayoyin. Karin maganar da ke cewa hali zanen dutse tana iya zama daidai game da halin, ba ta kuwa tabbatar da cewa kowace takarda tana iya karanta zanen ba.

Saboda haka ana iya ba da shawara huɗu. Ta farko, kada a yi amfani da fassararren ma'aunin hali wajen ɗauka ko korar kowa, ko malamin yaƙi da jahilci ko wani, sai an gwada shi a kan masu jin Hausa an ga yana nuna abin da ake da'awa; kafin nan ganawa mai tsararrun tambayoyi da gwajin aikin kansa sun fi hujja. Ta biyu, a tattara kalmomin hali na Hausa daga ƙamusoshi da kuma bakin jama'a a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a nuna inda karin harshe ya saɓa. Ta uku, duk binciken da aka yi da Hausa ya fitar da fassararsa cikakkiya, da umurnin da aka ba masu tambaya, da bayanin wanda ya cika da hannunsa da wanda aka karanta wa. Ta huɗu, a ajiye tsarin binciken a fili kafin a fita karkara, a kuma buga sakamakon ko da bai gano kome ba. Ukun farko aiki ne da masanan lissafi ba za su iya yi su kaɗai ba; sai da hannun masu nazarin harshe da waɗanda suka san yadda balagagge mai koyon karatu yake amsa tambaya.